Ɓarawon da Ya Tsaya Gaisuwa

Ni malamin dabbobi ne. Aikin da na yi ke nan har na yi ritaya, kuma in ka tambayi mutanen Ƙofar Ran da suka san ni, allurar shanu za su ce maka. Amma akwai shekarar da na so in zama wani abu dabam, har yau kuwa in na tuna da ita sai raina ya sosu.

Abin ya samo asali ne a Jos, lokacin da aka tura mu kwas. Wani abokin karatu ya ja ni silima, na bi shi don kada a ce ni bagidaje ne. Fim ɗin na Turawa ne, ko rabin maganarsu ban ji ba. Wata mata ce ita kaɗai a gida, wani mutum kuma ya shigo ta taga yana neman ranta. Abin da ya kama ni shi ne ba a nuna su tare ba sai can ƙarshe. A nuna takalminsa yana hawa bene, a yanke, a nuna matar tana zuba shayi ba ta san komai ba, a yanke, a nuna hannu a kan mariƙin ƙofa. Tun ana daɗewa a kan kowane hoto har aka koma ana yankewa da sauri da sauri. Ban ankara ba sai na ga na riƙe gefen benci da hannu biyu. Da muka fito abokina yana ta zancen kyawun matar, ni kuwa tambayar da ke cina ita ce yadda aka yi hannu da ƙofa kawai suka hana ni numfashi. Na yi ta komawa har aka canza fim ɗin. A ƙarshe na gane cewa mai takalmin da mai shayin wataƙila ko a rana ɗaya ba a ɗauke su ba. Wanda ya yanka hotunan ya jera su, shi ne ya tsorata ni.

Da na dawo Bauchi na ci gaba da bin rugage tare da Baturen da ke shugabantar ofishinmu. Yana da wata 'yar kyamarar ɗaukar fim wadda ake yi wa wani kamar agogo. Da ita yake ɗaukar shanun da suka kamu da ciwo, a riƙa nuna wa makiyaya da majigin ofis. Ba ta ɗaukar murya, kuma in ka yi mata wani ɗaya, kafin ka gama gaisawa da mutum ta tsaya. Wani lokaci ni nake riƙe masa ita, har ya koya mini yadda ake auna haske da yadda ake liƙa fim in ya tsinke. Da aka fara shirin karɓar mulkin kai, Turawa suna ta haɗa kaya, sai ya kira ni ya ce kyamarar tasa ce ba ta ofis ba, ya bar mini ita da ragowar gwangwanayen fim da bai taɓa ba, da 'yar kwalbar gam. Ya ce in ci gaba da ɗaukar shanu. Na ce to.

Labarin da na tsara gajere ne. Ɓarawo ya shiga gidan wani dattijo da rana tsaka, ya hango maigidan yana dawowa, ya laɓe bayan ƙofar zaure da wuƙa a hannu. Mai kallo ya san yana nan, dattijo bai sani ba, yana ta tahowa a hankali. A ƙarshe ɓarawo ya ture shi ya gudu. Iyakar abin ke nan. Mutum biyu kawai nake bukata.

Na farko wani abokina ne tun makarantar allo, tela ne a Ƙofar Wambai, dogo siriri mai dogayen yatsu. Yatsun nan na so. Na same shi a kan keken ɗinki na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya soke kansa da allura, sa'an nan ya ce ya yarda, amma da sabuwar babbar rigarsa za a ɗauke shi.

Na ce, "Haba, wane ɓarawo ka taɓa gani da aska takwas?"

Ya ce, "To ni ba ɓarawo ba ne, tela ne. In mutane suka gan ni da tsumma wa zai kawo mini ɗinki?"

Da ƙyar muka daidaita a kan wata 'yar shara mai tsabta.

Na biyu Kawuna ne, yayan mahaifiyata, Bafulatani da ya zauna a gari da tsufa amma zuciyarsa tana wajen garkensa a bayan ganuwa. Shi na zaɓa don zaurensa yana da tsohuwar ƙofa mai nauyi, kuma tafiyarsa irin ta mutumin da bai taɓa sauri ba a duniya ce. Na durƙusa na faɗa masa bukatata. Ya daɗe yana kallon kyamarar da na ajiye a gabansa.

Ya ce, "Wannan ce ake ɗaukar shanu da ita?"

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Ya ce, "To za ka ɗauki nawa. In ka ɗauke su, sai in yi maka tafiyar."

Na ga abin ba wuya. Na bi shi bayan gari da safe na ɓata masa kusan gwangwani guda, raina yana ƙuna don fim ɗin ba shi da yawa kuma ba a samunsa a Bauchi. Ya sa na ɗauki wani farin bijimi ta gaba, ta gefe, ta baya. A zuciyata na ce ba komai, in aka zo yanka sai in ajiye su gefe.

Matsala ta farko haske ne. Fim ɗin ban tsoro duhu yake so, kyamarata kuwa rana take so. Zauren Kawu da tsakar rana ma in ka shiga sai idonka ya saba. Na aro farantin tasa na matata, na kafa shi a ƙofar gida yana maido da hasken rana ciki, na tokare shi da dutse. Rana tana gusawa hasken yana gusawa, sai in gyara wa tela tsayuwa in dawo in tarar hasken ya koma kan bango. Hoton da na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne inuwar hannu da wuƙa tana tsawo a jikin garu, kuma ba ta fitowa yadda nake so sai rana ta karkata sosai. Daidai lokacin ne kuwa ake kiran la'asar. Mu tafi masallaci mu dawo, inuwa ta wuce. Sai da muka yi kwanaki muna wannan zarya kafin wata rana muka yi salla a ƙofar gida muka same ta.

Sai fuskar Kawu. Ina so in matso da kyamara dab da idonsa a lokacin da ya ga wuƙa, yadda fuskar za ta cika farin ƙyallen majigi. Na ce, "Kawu, a nan za ka nuna ka firgita."

Ya ce, "Me zan ji tsoro?"

Na ce, "Wuƙar, Kawu."

Ya dubi wuƙar, wadda ta yankan albasa ce daga madafin gidansa, ya dubi tela, ya ce, "A hannun wannan?"

Na roƙa, na kwatanta, na zare nawa idon har matan gida suna leƙowa suna dariya. Ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, ko lokacin da kura ta faɗa musu garke, ba kuwa zai fara don akwati ba. Haka na ɗauke shi, fuska kamar dutse. Na lallashi kaina da cewa in na sa wuƙa kafin fuskar, na sake sa wuƙa bayanta, mai kallo da kansa zai zuba mata tsoron.

Ranar gudu ce ta fi ba ni haushi. Na zaɓi wani siririn lungu mai kwana, na kwanta rub da ciki a ƙasa da kyamara don ƙafafun tela su taho su cika hoton kamar za su take mai kallo. Na yi wani, na ɗaga masa hannu. Ya taho a guje, gudu mai kyau, 'yar shara tana tashi. Yana kaiwa tsakiyar lungu sai ga limamin unguwarmu ya ɓullo daga kwana da sandarsa. Tela ya ja birki, ya tuɓe takalma, ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, barka da rana."

"Barka kadai. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya mahaifin naka, ya ji sauƙin ƙafar?"

Ni ina kwance cikin ƙasa kyamara tana ƙara, fim yana tafiya, ban tuna in ɗaga yatsa ba sai da ta tsaya don kanta. Da liman ya ƙaraso ya gan ni a kwance ya tambaya ko lafiya. Na tashi na gaishe shi ni ma. Bayan ya wuce na ce wa tela, "Kai ɓarawo ne fa! Ana bin ka!"

Ya ce, "To in wuce Malam a guje ban gaishe shi ba? Kai za ka iya?"

Gaskiyarsa ce, ni ma ba zan iya ba.

Muka koma wani lungu ta wajen Ƙofar Wambai inda muke zaton babu manya. A nan na yi niyyar ya yi gudun da wuƙar a hannu. Ya taho, ya wuce ni, ya sha kwana. Sai na ji wata mata ta cikin gida ta ƙwalla ihu, "Ɓarawo!" Kafin in miƙe unguwa ta ɗauka. Da na isa kwanar na tarar wani mahauci, baƙo ne a unguwar bai san shi ba, ya riga ya kai shi ƙasa ya zauna masa a ƙirji, wasu kuma suna kai masa duka ta gefe. Ina ihu ina ɗaga kyamara ina cewa wasa ne, fim ne, ba wanda ya san me nake nufi. Allah ya taimaka maƙwabtan shagonsa suka fito suka gane shi. Leɓensa ya fashe, 'yar shara ta yage har gindi. Ya tashi ya karkaɗe jiki bai dube ni ba, ya ce, "Ka nemi wani ɓarawon."

Na je ban haƙuri har gida, ya karɓa, amma ya rantse ba zai sake tsayawa gaban akwatin nan ba. Saura hotuna kaɗan na ƙafafu suna sanɗa. Na ɗora kyamara a kan turmi, na tokare maɓallinta da tsinke, na yi sanɗar da ƙafata.

Wanke fim kuma ba a yinsa a ƙasar nan a lokacin, ko in ana yi ban san inda ake yi ba. Na bi hanyar da Bature yake bi, na aika ta Jos aka wuce da shi Turai. Na jira har na fara fid da rai. Aka yi bikin samun mulkin kai aka gama, gari ya koma harkokinsa, sa'an nan ƙunshin ya iso. Na buɗe. Wani sashe na cikin zaure ya fito baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai farin rawanin Kawu yana yawo. Shanu kuwa sun fito tas, ko gashin jelarsu kana iya gani. Amma inuwar wuƙa ta fito, hannun tela a gefen ƙofa ya fito, ƙafafun gudu sun fito. Na ce alhamdu lillahi, sauran aikin na reza ne.

Na ɗaura igiya a ɗakina daga bango zuwa bango, na yayyanka fim ɗin na rataye kowane yanki da tsinke. Ina ɗaga su ga hasken taga ina zaɓa. In kankare bakin yanki da reza, in shafa gam, in danne da babban yatsa har ya kama. Matata ta gaji da sunkuyawa ƙarƙashin igiya ta ce ɗakin ya koma kamar rumfar masu kilishi. Waɗannan kwanakin su ne kaɗai na ji daɗinsu. Na ga da idona cewa in na rage tafiyar Kawu da ɗan yatsa guda abin ya lalace, in na ƙara ya yi sanyi. Na fara da dogayen yankuna, ina gajarta su, ina gajarta su, har ya zama ƙafa, hannu, ƙofa, ido, wuƙa. Gaisuwar liman da shanu na naɗe su na sa a gwangwani.

Ana nan sai Kawu ya zo da kansa, abin da ba ya yi. Ya zauna a kan buzu, na ɗaga masa yankunan yana dubawa da ido ɗaya.

Ya ce, "Ina bijimin?"

Na ce, "Yana nan a ajiye, Kawu. Shi daban zan haɗa maka, naka na kanka."

Ya ce, "A'a. Na faɗa wa mutane za su gan shi a cikin abin da za ka nuna."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani cewa labarin kamar igiya ne da ake ja, in aka saki sau ɗaya shi ke nan. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ɗan nan, ni na yi maka tafiyarka." Ya miƙe ya saka takalmi.

Na ce to a sa su a farko, kafin labari ya fara. Ya ce ba haka aka yi ba, ai daga wajen shanu yake dawowa gida, sai a nuna inda ya fito lokacin da yake tahowa. Abin haushin, maganarsa tana da kai.

Bayan kwana biyu liman ya tare ni a ƙofar masallaci da fara'a ya ce ya ji labari wai shi ma ya shiga cikin majigin, in Allah ya yarda zai zo ya gani. Na ce Allah ya kai mu. Na koma gida na buɗe gwangwani. A Jos na ɗauka mai reza sarki ne, abin da ya ga dama yake yankewa. Ban yi tunanin cewa shi bai san mutanen da yake yankewa ba, ba kuma zai haɗu da su a sahun asuba ba.

Na nuna fim ɗin wata ranar Asabar da yamma a sito na ofis, muka toshe tagogi da buhuna, na kafa majigin shanu. Ɗakin ya cika, har da mahaucin nan, wanda ya zo da tsire don ban haƙuri. Tela ya zauna a baya ya harɗe hannu.

Hoton farko ƙafafu ne suna sanɗa. Wani ya ce, "Ai wannan ƙafar malamin dabbobi ce, ga tabon da saniya ta taka shi." Aka yi dariya. Hannu ya bayyana a gefen ƙofa, aka kira sunan tela gaba ɗaya, don kowa ya san zobensa. Na haɗa lungun Ƙofar Wambai da ƙofar gidan Kawu da ke Ƙofar Ran kamar suna manne, sai gardama ta tashi. Wani tsoho ya ce ƙarya ne, daga wannan lungu ba ka ɓullowa Ƙofar Ran sai ka bi ta kasuwa. Wani ya ce akwai hanya ta bayan marina. Ina tsaye jikin majigi ina jinsu.

Sa'an nan aka zo wajen inuwa. Ta fara tsawo a jikin garu, wuƙa a gaba. Yanke, ga Kawu can nesa yana tafe. Yanke, hannu ya ƙara damƙe wuƙa. Yanke, Kawu ya matso. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar majigi. Na ga mahauci ya daina tauna. Sai wata murya daga tsakiya, ta wani magidanci mai 'ya'ya, ta ce da ƙarfi, "Baffa, kada ka shiga!" Alhali Kawun yana zaune kusa da shi. Abin da ya same ni a Jos ke nan, ga shi na yi wa wani a garinmu.

Sai ga farin bijimi ya cika ƙyalle yana tuƙa.

Ɗaki ya ɓarke. Makiyayan da ke ciki suka hau yaba ƙaho da tozo, ana tambayar Kawu shekarunsa da uwar da ta haife shi. Bijimi ta gaba, bijimi ta gefe, bijimi ta baya. Da aka dawo kan ƙofa ba wanda ya tuna akwai mutum a bayanta. Fuskar Kawu ta fito tsakanin wuƙa da wuƙa yadda na tsara, aka ce, "Kai, dubi namiji, ko gezau!" Ɓarawo ya gudu, ya tsuguna ya gaida liman, aka yi ta sa masa albarka ana cewa ɗan mutunci ne. Liman ya ji daɗi ƙwarai. Aka ce a maimaita, na maimaita. Kowa ya tafi yana yabona, ni kuwa ina ta kwashe buhunan taga.

Ban sake samun fim ba. Na yi cigiya a Jos aka ce sai an yi oda, na bari sai an kwana biyu, aiki ya yi yawa bayan tafiyar Turawa, maganar ta shiririce. Amma kafin gam ɗin ya bushe a kwalba na yi abu ɗaya. Na cire shanu, na cire gaisuwa, na mayar da shi yadda na so tun farko. Na kira tela shi kaɗai wata rana da azahar bayan ma'aikata sun tashi, na toshe taga, na ce ya zauna ya ga ainihin abin.

Yana cikin gyara zama yana neman inda zai ajiye hularsa fim ɗin ya yi nisa. Ƙafa, hannu, inuwa, ido, gudu. Farin haske ya cika ƙyalle, bakin fim yana kaɗawa a jikin majigi.

Ya ce, "Ya tsinke ne?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ya juyo ya dube ni. "Duk dukan da na sha, iyakarsa ke nan?"

Na ce masa haka ake yi, gajartarsa ita ce ƙarfinsa, na fara yi masa bayanin yadda yankunan suke raguwa. Ya ɗauki hularsa ya ce shi dai wancan ya fi masa, kuma yana da ɗinkin da zai kai kafin la'asar. Na raka shi bakin ƙofa, na dawo na kalli fim ɗin sau ɗaya ni kaɗai, sa'an nan na naɗe na mayar da majigin inda ake ajiye shi.